Igiya ta Huɗu

Da Allah zai ba ni dama in janye magana ɗaya daga cikin duk maganganun da bakina ya furta a duniya, ba zan tsaya dogon tunani ba. Magana ce da na faɗa wa ɗana Nafi'u a wani shagon mamak na unguwar Brickfields, irin wuraren cin abincin nan na Indiyawa Musulmi da suka cika Kuala Lumpur. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba. Wanda ke teburin kusa da mu ma zai ɗauka addu'a nake yi masa. Amma da maganar nan na cire shi daga inda ya kafa ƙafarsa, na jefa shi inda shekarun ƙarfinsa suka tafi. Ku 'ya'yana da jikokina da ke Kano kun san labarin ta fuska ɗaya, fuskar hoton da aka rataye a falo. Ina so ku san ɗaya fuskar tun ina da ran faɗa.

Ni karatuna bai wuce firamare da allo ba. Tuƙi ne ya ciyar da ku. Shekaru masu yawa ni ne direban farar bas ɗin da ke ɗaukar matuƙa jirgin sama da ma'aikatansu daga filin jirgin Kano zuwa otal, gari ya waye in komar da su. A cikin bas ɗin nan na koyi abin da na ɗauka shi ne dukkan ilimin jirgi. Matuƙa biyu ne a kowane jirgi. Akwai mai igiya uku a kafaɗa, shi ne mataimaki. Akwai mai igiya huɗu, shi ne kyaftin. Mataimaki ya shigo ya wuce baya, ya ɗora jakarsa a cinya. Kujerar gaba ta kyaftin ce ko bai fito ba, kuma ba na tada mota sai ya zauna ya ce mu je. A otal mabuɗin ɗakinsa ake fara miƙawa. Kyaftin guda a wancan zamanin yana riƙe da dangi sukutum, ya kai iyayensa Makka, ya gina masallaci a ƙauyensu. Ina kallon igiyoyin nan masu ruwan zinariya ta gefen idona ina tuƙi, ina ce wa Allah ya nuna mini su a kafaɗar jinina. Tun Nafi'u yana rarrafe nake kiransa Kyaftin, har 'yan unguwa suka kama. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ba ta son haka.

"Malam, ka bar yaro ya riƙa jin sunansa na yanka," in ji ta. "Rago ka yanka ka sa masa Nafi'u, ba ka sa masa aikin wani ba."

Sai in yi dariya in ce fata nagari lamiri.

Allah da ikonsa yaron ya ɗauki hanyar. Ya samu shiga cikin matasan da aka tura koyon tuƙin jirgi a waje, ya sha wahalar neman aiki bayan ya gama, daga ƙarshe wani babban kamfani a Malesiya ya ɗauke shi. Ya yi ta hawa har ya kai igiya uku, yana tuƙa manyan jirage. Ya auri Sa'adatu, 'yar mutunci, tana karatun digiri na uku a nan da tallafin gwamnati. Bayan rasuwar mahaifiyarku gwiwoyina suka matsa mini, sai ya aiko aka kawo ni asibiti. Na zo da niyyar in yi ɗan lokaci in koma, ga shi har yau ina nan. Gidansu na lokacin yana hawa na sama a Brickfields, mai yalwa, yana kallon babbar tashar jiragen ƙasa inda yakan hau jirgin da ke kai shi filin jirgin sama. Nakan tsaya a baranda in bi farar rigarsa da kallo har ta ɓace cikin mutane, ina ƙirga igiyoyin da na riga na san adadinsu.

Shekarar da nake son ba ku labari, wata rana da hantsi ya ce in zo mu sauka mu sha shayi. Muka zauna a shagon mamak, aka kawo mana roti, irin gurasarsu, da miyar wake da shayin nan da suke ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa.

"Baba, shawara na zo nema," ya ce. "Kamfaninmu ya buɗe wani ƙaramin kamfani, kamar ƙanensa. Sun sayo ƙananan jirage. Gajerun hanyoyin da muke yi da manyan jirage, su Penang da Kota Bharu, duk za su koma hannun ƙananan. Mu a babban kamfani hanyoyi sun ragu, to kujerar kyaftin ma ta yi nisa. Wanda ke sa ran samunta baɗi sai ya ƙara jira, ba wanda ya san iyaka. Amma sun ce duk wanda ya yarda ya koma ƙaramin, za a yi masa kwas a ba shi igiya huɗu."

"Alhamdu lillahi! To ina abin shawara a nan?"

"Albashin kyaftin a can bai kai wanda nake ɗauka yanzu ina mataimaki ba. Kuma kwantiragi ne, ana sabuntawa. Ga kuma layi, Baba."

Ya yi mini bayanin layi. A aikinsu, ranar da ka shiga kamfani ita ce matsayinka. Da ita ake ba ka hutu, da ita kake zaɓar hanya, da ita girma ke zuwa. Ƙwarewa ba ta tsallake da kai, sanayya ma haka. In ka fita daga layin, ko da zuwa ƙanen kamfanin ne, wurinka ya tafi. In ka dawo, can ƙarshe za ka tsaya, bayan yaran da aka ɗauka jiya. Na ji duk wannan da kunnena, amma bai wuce kunnen ba. Abu ɗaya ya shiga zuciyata, igiya huɗu.

"Kyaftin, yaushe aka taɓa yin kyaftin da mataimaki ya fi shi albashi?" na ce. "Ni na ɗauki kyaftin-kyaftin tun ba a haife ka ba. Wannan zancen masu baƙin ciki ne."

Ya yi murmushi ya ce zai yi istihara.

Da yamma, yana wurin aiki, Sa'adatu ta kawo mini abinci. Maimakon ta ajiye ta tafi yadda ta saba, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Tun da na zo gidan ba ta taɓa tsawaita magana da ni ba saboda kunya.

"Baba, ka gafarce ni, ba raini ba ne. Muna magana da matan abokan aikinsa. Yanzu ba igiya ake biya ba, girman jirgi ake biya. Dalilin buɗe ƙaramin kamfanin ke nan, a yi aikin da ake yi da, a biya ƙasa da yadda ake biya da. Shi ya san haka. Kai kaɗai yake jin nauyi. In ka ce masa ya yi haƙuri ya jira, wallahi zai jira."

Na ji zafin maganar. A raina na ce ga suruka ta zo tana koya mini jirgi, ni da na tsufa a filin jirgi. Na ce mata:

"'Yata, kin yi karatu, Allah ya ƙara basira. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta ce haka ne, Baba, ta tashi. Ban tuna a lokacin ba cewa yaron da nake magana a kansa kullum yana hawa inda rimi bai isa ba, ni kuwa iyakata bakin ƙofar filin jirgi, inda ake ajiye mota.

Bayan 'yan kwanaki muka koma shagon mamak ɗin. Nafi'u ya ce ya yi istihara, zuciyarsa ta fi kwanciya da ya zauna inda yake ya jira layinsa. Na juya cokali a shayi. Na san inda ɗana yake da taushi, kuma can na nufa da gangan.

"Mahaifiyarka ta tafi ba ta ga igiya huɗu a kafaɗarka ba," na ce. "Ni ma so kake in tafi ban gani ba?"

Yana riƙe da lomar roti, ya mai da ita faranti. Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce:

"Shi ke nan, Baba."

Maganar ke nan da nake son janyewa. Na ɗauko matar da ta hana ni kiransa Kyaftin, na tsai da ita shaidar abin da ba ta taɓa nema ba.

Ranar da ya dawo da igiya huɗu mun yi walima. Aka sayo nama a kasuwar Chow Kit, Sa'adatu ta yi waina da miyar taushe, ɗaliban Arewa suka cika gidan. Akwai wani Malam Tukur, mutumin Gusau, ɗalibi ne mai barkwanci da ya mai da ni abokin wasansa. Shi ya fara raɗa mini suna.

"Baban Kyaftin!" ya ce. "Yau kam sai ka sa a yi mana tapau na jirgi guda mu tafi da shi hostel. Boleh ko ba boleh ba?"

Tapau a bakin mutanen Malesiya shi ne a ƙunshe maka abinci ka tafi da shi, boleh kuwa shi ne zai yiwu. Aka yi ta dariya, ni na fi kowa. Na sa aka ɗauke mu hoto, na tura Kano ta waya, hoton da kuka wanke kuka rataye. Kafin mako ya zagayo, daga Fagge har ƙauyenmu ba wanda bai ji ba.

Abin bai faɗo lokaci guda ba, a hankali ya riƙa zuwa kamar yoyon rufi. Da farko na lura ba ya dawowa da labari. A babban kamfani yakan yi tafiya mai nisa, ya dawo ya huta, ya zauna ya ba mu labarin garuruwa. Yanzu tashi da sauka ne tun safe, a je a dawo, a sake zuwa a sake dawowa, ya shigo idanunsa jajur, ya yi salla ya kwanta. Sai aka ce za mu tashi daga gidan Brickfields. Sa'adatu ta ce wai hayaniyar jiragen ƙasa ta yi yawa. Muka koma wani ƙaramin gida a bayan kasuwar Chow Kit, inda hayaniya ta ninka, ƙarnin kifi na shigowa ta taga. Aka canja wa yara makaranta. Sa'adatu ta fara dafa tuwo da waina tana ƙunshewa ɗalibai suna saya, ta ce mini wai don kada hannunta ya manta girkin gida. Karatunta ya tsaya cik, tallafin gwamnati ya ƙare ba ta gama ba. A Kano kuma buƙatu suka ƙaru, don an ji ɗan gida ya zama kyaftin. Mai aurar da 'ya, mai rufin ɗaki, mai kuɗin makaranta, duk ta wayata suke biyowa, ni kuma in miƙa wa Nafi'u da fara'a, in ce ai arzikin kyaftin na jama'a ne. Bai taɓa ce mini babu ba. Duk wannan ina gani, amma ina ba kaina amsa, ina cewa farkon abu ne, zai gyaru.

Ni na matsa sai na shiga jirginsa. Na ce ba zan mutu ban ji muryar ɗana yana yi wa fasinjoji magana ba. Ya yi ta kawo uzuri, daga baya ya yanka mini tikitin zuwa Kota Bharu da dawowa a jirgi ɗaya. Da na ga jirgin sai da na tambayi ma'aikaciya ko shi ne. Kusa da manyan da ke gefe kamar ɗan maraƙi ne a cikin shanu. Na sunkuya na shiga. Muka tashi, na ji muryarsa yana cewa kyaftin ne ke magana, na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Da muka sauka fasinjoji suka fita, ni aka bar ni a zaune saboda ƙafata. Sai ga kyaftin ɗina ya fito daga ɗakin tuƙi da leda a hannu, yana taya ma'aikata tsince takardu da kofuna daga kan kujeru, don lokacin da aka ba su kafin su juya kaɗan ne. Ya koma ya buɗe robar shinkafa da ta huce, yana ci a tsaye yana duba takardun tafiya. Bai kai rabi ba aka fara shigo da sababbin fasinjoji, ya rufe ya tura ƙarƙashin kujera. Da muka dawo Kuala Lumpur na tsaya a bakin ƙofa ina waige-waige. Ya ce me nake nema. Na ce motarku. Ya yi 'yar dariya.

"Babu mota, Baba. Kai dai ka je gida, ni akwai sauran zuwa da dawowa a gabana."

Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai. A hanya na tuna farar bas ɗina da kujerar gaba da ba mai taɓawa. Duniyar da na auna wa ɗana riga da ita ta daɗe da shuɗewa, ni ne ban samu labari ba.

Duk da haka ban buɗe baki ba. Girman kai ciwo ne mai wuyar magani. Shekaru suka wuce a haka. Abin da ya ƙarasa ni ya faru wata Juma'a a Masjid Jamek. Mun idar da salla muna neman takalma, sai wani Bamalaye ya rungume Nafi'u, ya kama hannuna ya kai goshinsa yadda suke gaida manya. Azlan sunansa, kusan tare suka shiga babban kamfani, shi ya ƙi komawa ƙaramin. Ya jira, jiran ya yi tsawo, amma layi ya iso kansa. Yanzu kyaftin ne a babban jirgi, har Jidda yake kai masu Umara. Da ɗan Turancina na direba na fahimci abin da ya faɗa yana dafa kafaɗar ɗana, yana ce mini Pak Haji, wato Baba Alhaji a bakinsu.

"Pak Haji, ɗanka yana gabana a layi. Da ya tsaya, ni zan jira shi ya fara zama."

Ba da mugunta ya faɗa ba, yabo yake yi. Nafi'u ya sunkuya yana ɗaura takalmin da ba shi da igiyar ɗaurawa.

A hanyar gida, ta cikin masu sayar da yadi na Masjid India, na tambaye shi ko akwai hanyar komawa. Ya ce ko sun karɓe shi, ƙarshen layi ne, kuma yanzu 'yan ƙasa suke fifitawa. Na ce, Kyaftin, ni na jawo maka. Ya tsaya ya dube ni.

"Baba, ni na sa hannu. Kuma abin da ba rabona ba ne, ko na tsaya ba zan samu ba."

Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Haƙurinsa ya fi kowane zagi ciwo.

A bana Sa'adatu ta sake durƙusawa a bakin ƙofata, kamar wancan karon, sai dai yanzu akwai furfura a gefen ɗankwalinta. Ta ce wani kamfanin jigilar kaya mai manyan jirage ya kira Nafi'u. Aikin dindindin ne, albashin ya fi, hutu ya fi. Amma a mataimaki za su ɗauke shi, igiya uku, ƙarshen layi. Kuma aikinsu yana da shekarun da doka ke sauke mutum, mai yiwuwa su cim masa kafin kujerar kyaftin ta iso. Ta ce ya yi kwanaki yana juya maganar, ya kasa faɗa mini.

"Cewa ya yi me Baba zai gaya wa mutanen Kano."

Na ce ta tashi ta zauna a kujera. Ta ƙi, na ce umarni ne. Na roƙe ta gafarar maganar rimi. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana cewa ba komai, Baba. Akwai komai. Digirinta ne, da gidanta, da shekarunta a gaban tukunya.

Tsofaffin igiyoyinsa uku suna wurina. Ranar walima ya cire su ya ajiye a kan tebur, ni kuma na ɗauke na jefa a aljihun jakata da niyyar zubarwa, Allah bai nufa ba. Na ɗauko farar rigarsa daga igiyar shanya, na goge ta da hannuna, na zare masu huɗu na zura masu uku. Zinariyarsu ta ɗan dushe. Na rataye rigar a ƙofar ɗakinsa, na zauna a falo. Da ya shigo ya gan ta, ya tsaya da jakarsa a hannu.

"Nafi'u," na ce.

Ya juyo da sauri kamar wani baƙo ne ya kira shi. Ban san yaushe rabon da ya ji sunan nan daga bakina ba.

"Nafi'u, ka je ka karɓi aikinka. Mutanen Kano ni na gaya musu na farko, ni zan gaya musu na biyu."

Na kuma gaya musu. Na kira ƙanena na ce ya sanar da dangi, ɗana mataimaki ne, buhuna da kwalaye yake ɗauka, kuma mai buƙata ya nemi wata ƙofar. Malam Tukur, wanda yanzu malami ne a jami'a a gida, ya bugo waya yana tsokana, wai to yanzu me za mu kira ka. Na ce sunan da ubana ya yanka mini rago da shi.

Shekarun da suka tafi ba su dawo ba. Nafi'u yana zaune a gefen yaran da ya girme su yana ce musu kyaftin. Sa'adatu ta koma kan karatunta, tana biya da kuɗin waina. Ni kuma ina nan ina istigfari.

Ku da za ku karanta wannan, roƙona ɗaya ne. Ranar da ɗanku ya zo neman shawara a kan aikin da shi ke ciki ku kuna waje, ku saurare shi har ya kai aya, ku saurari matarsa. In kuna da wani tsohon buri da bai cika ba, ku riƙe abinku, kada ku ɗinka shi a kafaɗar yaro. Kada kuma ku kira matattu su taya ku gardama. Hoton da ke falo ku bar shi inda yake, amma in baƙo ya tambaya wane ne, ku ce Nafi'u ne.